Jak ɗin da Ƙudaje Ke Bi

Wanda ke cin abinci ya fara gamawa ya wanke hannu, don labarin nan ba ya tafiya da loma a baki.

An yi wani makanike da ake kira Dogo, mai gyaran babura a wani ƙaramin gareji da ya karɓa daga hannun kawunsa. Kawun yana nan da ransa, sai dai ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa. Kullum yana bakin ƙofa a kan wani guntun kututture, yana gyara aiki da kunne da baki.

Ran nan da la'asar aka kawo musu wani ƙaton babur irin na masu doguwar tafiya. Sai da ƙarti uku suka turo shi. Tayar baya za a cire a canza sarƙa, ga shi babur ɗin ba shi da ƙafar tsakiya da zai tsaya a kai. Dogo ya jawo jak ɗin mota daga ƙarƙashin tebur.

Kawu ya ji ƙarar jan ƙarfe, ya ce, "Wanne ka ɗauko? Wannan mai kai kamar murfin kwalba?"

"Shi ne da mu, Kawu."

"Shi ne da kai dai. Ka ɗora wannan ƙaton a kan tsinke, ka yi atishawa, mu kwashe ka da shebur. Je ka nemo mai faffaɗan baya, wanda zai tallafi cikin babur gaba ɗaya. Ka duba nauyin da aka buga a jikinsa. In bai fi na babur ɗin ba, bar musu kayansu."

Dogo ya ɗauki baro ya nufi wajen wani tsoho mai sayar da tsofaffin ƙarafa a ƙarshen layi. Rana ta yi ja, inuwa ta miƙe. Ya bi tulin ƙarafa yana dubawa. Wannan ya tsage, wancan tsatsa ta cinye, wani kuma ya yi ƙanƙanta. Can kusa da katanga ya hango wanda yake so: mai faffaɗan baya, mai tayoyi huɗu, da mataki na bugawa da ƙafa. An kankare farantin da ake rubuta nauyi, amma kaurin ƙarfen ya cika masa ido.

Abu ɗaya ne bai yi masa ba. Ƙudaje. Manya, kore, sun yi masa baƙi ƙirin, alhali babu ko ɗaya a kan sauran ƙarafan.

"Baba, wannan fa?"

Tsohon bai taso ba. Ya toshe hanci da gefen riga, ya ce, "Nemi wani, ɗana."

"Babu wani. Yana ɗagawa?"

"Ɗagawa kam yana yi. Saukewar ce ba ya shawara da kowa. Gareji biyu suka maido min da shi, duka biyun kuma an rufe su." Ya tofar da yawu gefe. "In ka nace, ɗauka, ba na son komai. Amma kada ka dawo min da shi."

Dogo ya yi dariya. A ransa ya ce iska ce ta shiga cikin man, aikin minti biyar. Ya ɗora a baro ya turo, ƙudaje na biye da shi har ƙofar gareji.

Tun bai shiga ba Kawu ya yamutsa fuska. "Kai, mushe ka kwaso mana ko jak?"

"Tsohon mai ne ya ruɓe, Kawu. Yanzu zan zuƙe shi in zuba sabo."

"Mai ba ya ruɓewa, shashasha. Shekara arba'in ina wannan aiki."

To, makanikai suna da wata ɗabi'a da ba su raba ta da jikinsu. In suna son zare fetur ko mai daga inda hannu ba ya kaiwa, sai su zura siririn tiyo, su sa baki su ja, in ya taso su yi sauri su cire baki. Dogo ya yi haka ya fi sau dubu. Ya kwance murfin wurin zuba mai, ya zura tiyo, ya durƙusa ya kafa baki.

Ya ja, shiru. Ya sake ja da ƙarfi.

Sai abin ya taho gaba ɗaya.

Da ɗumi, kamar daga jikin mai rai ya fito. Ga kauri, ga yauƙi, ga gishiri-gishiri da ƙarni irin na tsohon gyambo. Ya cika masa baki har maƙoshi, kafin ya ankara wani ya wuce ciki. Ya tofar, ya yi ta kakari. Ya ji wani abu ya naɗe masa harshe. Ya sa yatsu ya jawo, ya yi ta ja, abin bai ƙare ba sai da ya kai kamu guda. Gashi ne. Fari fat, jiƙe da baƙin ruwa.

"Me ya faru?" in ji Kawu.

"Ba komai. Datti ne."

Kunya ce ta hana shi faɗa. Ya kurkure baki da ruwa, ya sake da sabulu, ɗanɗanon yana nan daram. Ya mai da murfin bai ƙara ko ɗigon mai ba, ya taka matakin don gwaji. Jak ya ɗago sumul, ba ƙara, ba gargada.

Magariba ta kawo jiki. Maƙwabta sun rufe shaguna, layin ya yi tsit. Dogo ya kunna ƙwan lantarki guda da ke rataye a rufi. Ya share siminti, ya zaɓi inda ƙasa ta yi daidai, ya tura jak ƙarƙashin babur har ya zauna a tsakiya. Ya ɗaure babur da igiya hagu da dama. Ya taka, ya taka, taya ta bar ƙasa. Ya girgiza babur, ko motsi. Duk wannan ya yi shi yadda aka koya masa.

"Ka sa waigi?" in ji Kawu.

"Noti ɗaya ne a ƙasa, Kawu. Kafin ka yi tari na fito."

"Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Sa katako."

"To."

Ya ce to, amma bai sa ba. So yake ya gama ya tafi gida. Ya ɗauki sifana ya kwanta rigingine, ya zura kai da kafaɗa ƙarƙashin injin.

Warin ya fi ƙarfi a nan. Ya riƙe numfashi, ya kama notin.

Ɗis.

Wani abu ya ɗiga masa a kunci. Mai ɗumi. Ya ce man inji ne. Sai ya tuna injin ya huce tun la'asar.

Ya juya ido. Jak ɗin yana dab da kunnensa, tazarar tafin hannu. Murfin da ya ɗaure da hannunsa yana juyawa a hankali. Ya faɗi ƙasa, ƙwal. Baƙin ruwa ya tumfayo daga ramin, yana kumfa, yana komawa, yana sake tasowa.

Numfashi abin yake yi.

Ƙudaje suka yi shiru gaba ɗaya.

Ya so ya ja jiki, jiki ya ƙi. Ya so ya kira Kawu, harshe ya manne da ganɗa.

Wata murya ta fito daga ramin, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da majina cike da baki.

"Ka sha nawa."

Wani abu ya zuro daga ramin. Siriri, toka-toka, mai santsi, da fararen gashi jefi-jefi. Ya yi ta fitowa. Ya lalubi siminti, ya hau kafaɗar Dogo, ya bi wuyansa yana barin yauƙi.

Harshe ne.

Ya lashi kuncinsa. Ya lashi gefen bakinsa. Ya tsaya a kan leɓe yana neman hanya.

"Saura naka."

Notin saukewa ya motsa da kansa.

Sssss.

Cikin injin ya matso. Ya taɓa hancinsa. Ya danne ƙirjinsa.

Kawu ba ya gani, amma wannan sautin ya san shi ko a mafarki. Bai tambayi komai ba. Ya zame daga kan kututturen da yake zaune, ya rarrafo yana tura shi da hannu biyu, ya laluba ya cusa shi ƙarƙashin babur, yana ambaton sunan Allah da ƙarfi.

Jak ya saki gaba ɗaya.

Gam!

Kututture ya tsage har ƙasa, amma ya riƙe. Kawu ya damƙi idon sawun Dogo ya fizga da ƙarfin da shi kansa bai san ya rage masa ba. Dogo ya fito, ƙarfe ya ɗebe masa fatar kunne da ta kunci. Suna kaiwa ƙofa kututturen ya dare biyu, babur ya zube a daidai inda kan Dogo yake ɗazu.

Suka zauna a ƙasa suna haki. Daga ƙarƙashin babur suka ji wani sauti, lap, lap, lap, kamar kare a bakin kwano. Abin yana lashe jinin da ya zuba a siminti.

Dogo ya juya ya yi amai har sai da ya ga kumallo.

"Na ce ka sa katako," in ji Kawu. Ya lalubo kan Dogo ya rungume a ƙirji. "Ɗan banza. Na ce ka sa katako."

Da safe suka tara maƙwabta aka ɗaga babur da sanduna. Simintin tas, babu ko ɗigon jini. Murfin jak yana ɗaure a wurinsa. Babu wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Da ƙugiya aka ja shi, aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, aka tura shi, aka bi da duwatsu.

Dogo ya ci gaba da sana'arsa. Ya samo sabon jak mai rubutun nauyi a jiki, kuma ko tayar keke zai cire sai ya tokare da katako biyu. Tiyo kuwa bai ƙara kai shi baki ba. Kuncin ya warke, abinci ya dawo yana shiga, ko da yake ba ya iya cin mai maiƙo.

Abu ɗaya ne bai gaya wa kowa ba sai Kawu. Duk bayan kwana bakwai yakan rufe ƙofa, ya tsaya gaban madubi, ya ɗaga harshensa. A ƙarƙashi, inda gashi ba ya fito wa ɗan Adam, sai ya tarar da silin gashi ɗaya, fari fat, ya tsiro. Yakan tsige shi ya ƙone. Kuma kowane mako sai ya ɗara na baya tsawo.