Ruwan Layi na Huɗu

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na ranar Alhamis aka bugo waya komisariyar 'yan sanda ta Maraɗi cewa ruwa ya ci mutum a lambunan Jiratawa. Kafin azahar Insifekta Maman Lawali ya isa wurin tare da Birgadiye Salima, wadda suka shekara goma sha biyu suna aiki tare.

Gawar tana kwance a gindin itacen bedi, an lulluɓe ta da zane. Gado ne, mai share hanyoyin ruwa na wata ƙungiyar masu lambu. An tsamo shi daga wani rami mai zurfin gaba biyu, inda babban bututu yake nutsewa ya bi ta ƙarƙashin hanyar mota.

Wanda ya tarbe su shi ne sakataren ƙungiyar, Malam Abdu, ƙanin mahaifiyar Maman Lawali. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi lakwal, makarantar boko, a bayan keke.

Insifekta ya rusuna ya gaishe shi. "Kawu, mi ya faru?"

"Ikon Allah, Maman. Kowace Alhamis daga ƙarfe goma zuwa sha biyu kwamfuta tana rufe ruwa don a yi shara. Ka ga waccan fitila a kan ginshiƙi? In ta yi ja, ruwa a rufe yake. Ja ta yi, Gado ya shiga rami, ruwa ya zo mishi."

"Fitila tana ja kuma ruwa ya taho?"

"Har lokacin da aka tsamo shi ja take."

Maman Lawali ya bi bakin bututun a ƙasa don ya ga inda ruwan ya tafi. Ya wuce layi na ɗaya da na biyu da na uku, ko'ina a bushe. A layi na huɗu gonaki shida ne. Biyar ƙasarsu ta tsattsage, ganyen tattasai ya yi laushi. Ta shida kwamanta na shuka sun sha ruwa har sun tumbatsa, an kuma buɗe mata ƙaramar ƙofarta tun kafin ruwan ya zo.

Ya san gonar. A cikinta ya koyi riƙon hauya.

Ya mayar da littafinsa aljihu bai rubuta komai ba. Salima tana bayansa, ita ma tana kallon gonar.

Biron ƙungiyar ɗaki ne guda kusa da gidan famfo, da tebur da kwamfuta da fanka mai ƙara. A fuskar kwamfutar akwai jerin ayyuka, kowane da ranarsa da lokacinsa. Salima ce ta sa yatsa a kan layuka biyu. Na farko yana cewa a rufe ruwa, Alhamis, ƙarfe goma. Na biyu yana cewa a buɗe wa layi na huɗu, Alhamis, ƙarfe goma, minti ashirin. A gefen na biyun akwai sunan wanda ya shigar da shi: Zipora.

"Wace ce Zipora?" Insifekta ya tambaya.

Malam Abdu ya ce, "Yarinyar da ta haɗa mana na'urar ce. 'Yar Tibiri. Ita kaɗai ke da lambar sirri."

"Kai ba ka taɓa ta, Kawu?"

"Ni da ko wayar shafa ban iya ba? Makullin ɗaki kawai nake riƙewa."

Maman Lawali ya ji wani sauƙi ya sauko masa, ya kuma ji ƙyamar sauƙin. Amma suna ne a rubuce, ga shi nan kowa ya gani. Ya ce a tayar da mota zuwa Tibiri.

Da la'asar suka iske Zipora a tsakar gidansu tana bai wa mahaifinta magani. Malam Daniyel tsohon malamin lakwal ne, ciwon ƙafa ya zaunar da shi a kujera. Maƙwabta mata uku suna tsinkar zogale a gefe.

"Ke ce kika shigar da aikin buɗe ruwa na ƙarfe goma?"

"Wane aiki? Ranar Alhamis ba a buɗe ruwa sai sha biyu."

"Sunanki ne a kai. Mutum ya mutu."

Kofin ya suɓuce daga hannunta. "Wa ya mutu?"

"Gado. Wa kika bai wa lambar sirrinki?"

Ta dubi mahaifinta, ta dubi ƙasa. "Ban bai wa kowa ba."

Insifekta ya ɗaga murya fiye da yadda aikin yake buƙata, ya ce ta shiga mota. Malam Daniyel ya yunƙura zai tashi ya kasa.

"Ranka ya daɗe, ka bari ta ɗauki mayafinta mana," in ji tsohon a hankali.

Sai a lokacin Maman Lawali ya lura cewa zanen gida ne kawai a jikinta, ga mutane sun fara leƙowa ta katanga. Ya juya baya har ta shiga ɗaki ta fito.

Washegari da safe Salima ta ɗauko kwamfutar daga Jiratawa, ta ajiye ta a teburin Insifekta. Aka fito da Zipora, idanunta sun kumbura.

"Ki yi mini bayani kamar wanda bai san komai ba. Yaya aiki biyu za su tashi lokaci guda?"

Ta ja kujera. "Bai kamata su tashi ba, Insifekta. Na yi musu doka. Kamar ɗaki ne mai makulli ɗaya. Aikin da ya fara zuwa shi ke ɗaukar makulli, duk wanda ya biyo baya sai ya tsaya a layi har na farko ya gama ya mayar. In lokacin mai jira ya wuce yana tsaye, sai a soke shi. Da wanga aikin ya bi doka, da bai taɓa buɗe ruwa ba."

"To mi ya hana shi bin doka?"

Ta danna wani wuri, wani ɗan akwati ya bayyana. "Ka ga nan? An rubuta: ya jira makulli. An cire alamar. Na bar wurin ne saboda gobara ko fashewar bututu, lokacin da ba a iya jira."

Ta buɗe shafin da na'urar ke rubuta duk abin da ta yi.

"Ƙarfe goma daidai duka biyun suka tashi. Na shara ya rufe ƙofar ruwa, ya kashe famfo. Bayan daƙiƙa huɗu ɗayan ya sake buɗewa ya kunna. Amma na sharar shi ya yi magana da fitila a ƙarshe, ya ce mata a rufe nake. Fitila ta yi ja. Ruwa kuwa yana cin minti shida kafin ya iso ramin." Ta rufe bakinta da mayafi. "Baba Gado ya yarda da fitilata."

Salima ta sunkuyo. "Yaushe aka shigar da aikin?"

"Laraba, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana. Daga biron, ba daga waya ba."

"Ke kina ina?"

"Asibiti, nan Maraɗi, da Baba. Tun safe har la'asar."

Salima ta fita da babur. Kafin sa'a guda ta dawo da takardar likita da shaidar ma'aikata biyu. Ta rufe ƙofar biro, ta tsaya a gaban teburinsa.

"Shugaba, yarinyar nan ba ta je Jiratawa ran Laraba ba."

"Na ji."

"Kuma gonar da ka gani jiya, ni ma na gan ta. Na tambaya. An rubuta ta da sunan Tsahara, matar Malam Abdu." Ta sassauta murya. "Na yi shiru ne don na zaci kai za ka faɗa."

Maman Lawali bai iya ɗaga kai ba. Shekara goma sha biyu matar nan tana ce masa shugaba, ba ta taɓa kama shi da kawar da ido ba.

"Kira mini Zipora," ya ce.

Da Zipora ta zauna, bai yi mata tsawa ba. "Jiya kin yi mini ƙarya guda. Wa ke da lambar?"

Ta ce, "Malam Abdu. Watan jiya da aka kwantar da Baba, na ba shi don ko wutar kuran ta ɗauke ya sake tayar da na'ura. An hana ni ba kowa, za su kore ni in sun ji. Kuma an ce mini kawunka ne. Na ce ko na faɗa, wa zai yarda da ni?"

Maganar ta shige shi har ƙashi.

"Ya taɓa tambayarki akwatin nan?"

"Sau ɗaya. Ya ce don mi wani aiki ke jira. Na nuna mishi."

Insifekta ya miƙe tsaye. "Birgadiye za ta mayar da ke gida. Ki gaya wa Malam Daniyel zan zo da kaina in ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka ga an tafi da ke. Kwanan da kika yi a nan, laifina ne."

Bayan sallar Juma'a ya koma Jiratawa. Ana zaman makoki a ƙofar gidan Gado, Malam Abdu yana sahun gaba yana karɓar gaisuwa tare da dangi. Maman Lawali ya yi ta'aziyya, sannan ya durƙusa kusa da shi.

"Kawu, taso mu taka."

Suka bi bakin bututu har layi na huɗu. Tattasan gona ta shida ya miƙe kore shar a tsakanin gonaki biyar masu ƙishi.

"Kawu, ran Laraba ƙarfe ɗaya da minti ashirin kana ina?"

"Masallaci."

"Ba a kiran azahar a nan sai biyu saura. Wa ya buɗe ƙaramar ƙofar gonar Inna Tsahara?"

"Yara ne ƙila."

"Kawu, Zipora ta faɗa mini ta ba ka lambar. Don Allah kada ka sa in ci gaba da tambayarka haka."

Dattijon ya dubi tattasan. Ya zauna a kan kunya, ya cire hularsa ya riƙe.

"Sai Lahadi layinmu zai samu ruwa," ya ce. "Tattasai yana fure, furen yana zuba. Na ce minti ashirin kawai, lokacin da kowa ya bar lambu. Na fara sa shi makon jiya, ya tsaya jira har aka soke shi. Shi ne na cire alamar. Maman, shekara tara Gado yana fara shara daga babban tafki can sama, ba ya isowa ramin sai sha ɗaya. Na ce kafin ya zo ruwa ya janye."

"Ranar daga rami ya fara."

"Zai raka ɗiyarsa asibiti awo, yana son ya gama mai wuyar da wuri. Ban sani ba sai daga baya." Muryarsa ta karye. "Tare aka yi mana kaciya da Gado. Ni na yi mishi wanka jiya da hannuna. Ina cuɗa shi ina jin kamar zai buɗe ido ya tambaye ni."

"Kuma ka bari na je na ɗauko 'yar mutane."

"Na bari. Da na ga ka dubi gonar ka mayar da littafi, na san ka gane. Na ce yaron nan zai rufa mini asiri. Na ji daɗi, Maman. Wanga shi ya fi ci mini rai."

Maman Lawali ya kawar da fuska.

"Zan rubuta duka a rahoto, har da nawa. Komisar, shugabanmu, zai ba wani binciken, don bai halatta in riƙe shi ba. Amma ni zan kai ka."

"Ka bari in bi ta bayan gari."

"Motar tana ƙofar gidan Gado, Kawu. Ba wata hanya."

Malam Abdu ya sa hularsa, ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙo hannuwansa biyu. Insifekta ya girgiza kai, ya kama shi a gwiwar hannu kawai.

Da suka iso wurin makokin, dattijon ya tsaya a gaban babban ɗan Gado. Ya buɗe baki, kowa ya yi tsit.

"Ni na saki ruwan," ya ce.

Mutane suka janye tabarmi suka ba su hanya. Maman Lawali ya buɗe masa ƙofar baya, ya dafa kansa kada ya bugu, ya rufe. Ya zagaya ya zauna, ya kama sitiyari, sai a karo na uku makulli ya shiga raminsa.