Randar da Aka Shafa wa Fenti

Ku yaran yanzu, hannunku ya fi kunnenku sauri. A sa ku aiki ɗaya, ku yi uku, sannan ku tsaya kuna jiran yabo. To, ku zauna ku ji abin da ya sami wata yarinya a unguwar Ambassatna.

Gidansu tsoho ne. Kakan babanta ne ya gina shi. Ya taso daga yamma zai je Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Injamena, sai ya zauna. Yanzu iyali sun yi yawa, ɗaki uku ya yi musu kaɗan. Babanta, Malam Lukumanu, ya sami fili a Goudji. Amma ba zai iya aza ko bulo ɗaya ba sai ya sayar da tsohon gidan. Ga damina tana matsowa.

Da ƙyar aka sami mai saye, wani ɗan kasuwa, Alhaji Muntaka. Ya ce zai zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Baba ya ce, "Ido ne yake fara ciniki. Mu gyara ƙofar gida."

Aka shafe bango da farar ƙasa. Aka shafa wa ƙyaure shuɗin fenti. Aka share kwata, aka rage rassan darbejiya.

A gindin darbejiyar nan akwai wata tsohuwar randa da moɗa a kanta. Duk mai wucewa yana sha, daga masu tura baro har masu kilando, wato masu haya da babur. Kaka Zaliha ce mai kula da ita, sai dai ciwon gwiwa ya hana ta fitowa.

Ranar Juma'a da safe, ana hutun lekol, wato makarantar boko, Kaka ta kira yarinyar.

"Ke, zo nan. Ki wanke randar waje, ki cika ta da ruwa. Aikinki ke nan."

"To, Kaka."

Ta wanke ta. Sai ta ja da baya, ta dubi farin bango da shuɗin ƙyaure, ta dubi randa. Baƙa ƙirin, gindinta duk gansakuka, kullum a jiƙe.

Ta ce a ranta, "Wannan ai ita za ta kunyata mu."

Ga sauran fenti a gwangwani. Ba ta tambayi kowa ba. Ta shafe randar tas, har cikin bakinta. Rana ta ɗan busar da ita, sai yarinyar ta cika ta da ruwa, ta shige gida tana murna.

Bayan salla Baba ya iso tare da Alhaji Muntaka. Zafin ranar kamar zai narka dutse. Alhaji ya nufi randa, ya ɗebi ruwa, ya yi bisimilla, ya kai baki.

Nan take ya tofar.

"Da shunu? Mene ne haka? Ruwa ne wannan ko kananzir? Ga shi da zafi kamar na wanka!"

Baba ya dubi randa, ya gan ta shuɗiya.

Alhaji ya goge gemu. Ya ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya ɓata fuska.

"Malam Lukumanu, gidan da aka shafa wa randa fenti, me kuma aka rufe da fenti? Tsagewar bango? Ni ba na sayen kwalliya."

Ya juya zai tafi.

Yarinyar tana bayan ƙyaure, ta ji komai. In ta yi shiru, ba wanda ya gan ta. Amma filin Goudji zai kwana babu gini. Sai ta fito da gudu, ta durƙusa.

"Baba Alhaji, ni ce. Babana bai sani ba. Wankewa kawai aka ce in yi. Na ga ta yi muni ne."

Kaka Zaliha ta dogaro sanda, ta leƙo daga zaure.

"Muni? Ja'irar yarinya! Jiƙewar nan da kika raina, gumin randa ne. Da shi take sanyaya ruwa. Kin toshe mata jiki, ta ina za ta yi numfashi?"

Alhaji ya dubi yarinyar, ya ga shuɗi a faratanta. Sai ya fashe da dariya.

"Kalas, ya isa, tashi 'yata. Gidan da yaro yake faɗin gaskiya, bangonsa ma ba zai yi ƙarya ba. Malam, mu shiga."

Ya duba ɗaki ɗaki, ya duba rufi. Kafin la'asar ciniki ya faɗa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a bar masa randa mai sanyi a ƙofa.

Baba ya ɗaga hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Alhaji, Allah ya saka da alheri."

Yarinyar ta yi ta godiya. Ta gode wa Alhaji da ya saurare ta. Ta gode wa Kaka da ta koya mata abin da ba ta sani ba.

Ku riƙe wannan: abin da ba ku san amfaninsa ba, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa da bakinku.

Amma kada ku zaci gaskiya ta yafe wa yarinyar biya. Fenti ba ya fita daga jikin yumɓu. Tana da kaza guda ɗaya, wakewake, wadda ta raina tun tana 'yar tsako. Washegari Kaka ta sa ta rungumi kazar, ta kai wa mai ginin tukwane. Ta bar kazar a can, ta ɗauko sabuwar randa a ka, ta tako da ƙafa har ƙofar gida.