Mijin Renata Ba Ya Aiki

"Af, Renata! Ashe mijinki ya samu aiki?"

Charlene ce ta jefo tambayar tana murmushi, a tsakiyar walimar da kamfanin gilashi ke yi wa ma'aikatansa duk shekara a birnin Toledo. Ita ke kula da inshorar lafiyar ma'aikata, kuma kowa ya san ita Wendell ya bari ya auri Renata.

Renata ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Dokar kamfanin ba wasa. In mijinki na aiki a inda ake ba da inshora, kika sa shi a taki, duk wata sai an yanke miki ƙarin kuɗi. Inshorar garejin da Wendell ke aiki kuwa ko rabin allurar ciwon sugansa ba ta biya. Shi ya sa Renata ta ce wa kamfanin zaman gida yake, shi kuwa ba ta ma gaya masa ba. Wanda aka kama da irin wannan ƙaryar, kora ce.

Ashe Wendell Charlene ta hango, ya taho kai tsaye daga gareji da rigar aiki, riƙe da gasasshiyar masara.

"Rigar wansa ce," in ji Renata. "Wendell ai... ba ya komai. Ni ke riƙe da shi."

Yana tsaye a bayanta.

Mutumin da ya daɗe yana neman aiki, mahaifiyarta na kiransa cima-zaune, har ranar da aka ɗauke shi ya yi kuka a kafaɗar Renata. Ya miƙa mata masarar, ya koma mota.

A hanya ta zayyana masa komai, tana haɗawa da rantsuwa. Ya tambaye ta ko Charlene za ta bincika. Ta ce za ta yi, har da murna.

Ranar Litinin Renata ta kasa zama a wurin aiki, kunya ta hana ta ɗaga ido. Kafin azahar ta dawo gida da niyyar ce masa gobe za ta faɗi gaskiya, a kore ta in za a kore ta.

Ta tarar da shi a falo, akwatin kayan gyaransa a gefen kujera.

"Masoyi... me kake yi a gida yanzu?"

"Na ajiye aikin."

"Wendell!"

"In ta buga waya garejin, za su ce ba ni nan. Aikinki ya fi nawa, zuciyata. Allurar ma a kansa take."

Ta durƙusa a gabansa tana kuka, tana cewa ya zage ta, ya yi mata komai, amma ban da wannan. Wallahi da zagin ya fi mata sauƙi.

Ya ɗago ta, ya share mata hawaye da hannunsa mai kanta.

"Daina kukan haka. Yanzu ai ba ki yi ƙarya ba."