Mai Fasa Ƙwallon Mishmish

Ko shayin safe Sufeto Mukhtaru bai kurɓa ba aka kira shi unguwar Rusaifa: buhu arba'in na busasshen mishmish, ɗan itacen nan mai ƙwallo a ciki, sun yi layar zana daga sitonsu Hajiya Suhaila.

Ya tarar da tsofaffi biyu, baƙi, dogo da gajere, sun shaƙe juna. Manoman tsauni ne, iyakar ƙasa ta raba ƙauyukansu, amma ƙanƙara ɗaya ce ke narkewa ta shayar da gonakinsu. Ƙanƙarar tana janyewa, shekara ashirin suna rikicin ruwa. Sai bana suka haɗa kaya, suka kawo wa Suhaila.

"In kayan nan bai fito ba, kowa zai ce ɗan'uwansa ne ɓarawon," in ji ta, tana huci. "Su koma gida su datse wa juna ruwa!"

"Ku saki juna, ya shekh, wuya ba rake ba ne!" Sufeto ya daka tsawa.

Ya duba ƙofa. Kwaɗo lafiya lau.

"Makulli nawa?"

"Biyu. Ni da ƙanena Rakan."

Rakan ya gyara tsayuwa. "Wallahi Sufeto, sati guda ban leƙo nan ba. Ni ko ƙaunar mishmish ba na yi."

Bayan ƙofa Sufeto ya tsinci ɓawon ƙwallayen mishmish a farfashe. Dogon tsohon ya gani, ya ce da guntun Larabcinsa: "Namu ne. Cikinsa zaƙi, na kasuwa ɗaci. Sai wanda ya ci a garinmu ya san ana fasawa."

Sufeto ya karɓi mishmish daga aljihun tsohon, ya raba wa kowa. Ya shiga zuba surutun kwantiragi har Rakan ya shagala. Suhaila ta tofar da ƙwallonta kamar na dabino. Rakan kuwa? Ya tsotse nasa tas, ya ɗora a dakali, ya kwankwatsa da makulli, ya jefa cikin a baki.

"Masha Allah, maƙiyin mishmish! Wa ya koya maka?" in ji Sufeto.

"Bara ya kwana uku a gidana," in ji gajeren tsohon. "Ni na koya masa."

Sufeto ya ce, "Khalas, zance ya ƙare. Ina buhunan, ko mu tambayi kyamarar layi?"

Rakan ya haɗiye cikin ƙwallon, ya ce:

"Suna unguwar Zahir, garejin abokina. Tun da suka haɗa kai suke yanka mana farashi. In suka rabu, kowa zai kawo a wulaƙance."

"Don farashi za ka ƙona ƙauye biyu da ƙishirwa?" Suhaila ta ciro takalmi. "Allah wadaran ka!"

"Ajiye, Hajiya, mu ma muna da namu hukuncin," in ji Sufeto.

Ankwa ta yi ƙaras. Ana tura Rakan mota, dogon tsohon ya fasa ƙwallo, ya miƙa wa gajeren rabi. Gajeren ya harare shi, sannan ya karɓa.