Ƙoƙon da Aka Miƙo Min Ƙarƙashin Tebur

Har yau in na ga ƙoƙon mate, shayin nan namu da ake zuƙa da bututu, sai in kau da kai.

Ni da Anselmo, tsohon direban jirgin ƙasa, mun gina ɗan ƙaramin samfurin garin Junín a kan tebur a garejinsa, da dogo da tasha da gidaje kamar kwalin ashana. Ran Asabar da yamma muka rufe tagogi ruf, don sai da duhu ake gwada fitilu. Na kwanta rigingine ƙarƙashin teburin ina haɗa wayoyi.

Wani hannu ya miƙo min ƙoƙo. Na kafa baki a bututun na zuƙa ban duba ba. Sanyi ƙalau, ga yauƙi, ga warin kwata da tsohon baƙin mai. Wani abu kamar gashi ya maƙale min a haƙori.

"Tir! Kai tsohon banza, da ruwan wankin ƙafarka ka haɗa?" Na mayar da ƙoƙon ina tofar da yawu, aka karɓe.

"Eulogio, da wa kake faɗa?" Muryar Anselmo ce daga can kicin. "Ruwan ma bai yi zafi ba!"

Hannuna ya taɓa waya, fitilun tashar suka kama. Haske ya zubo ta hudojin katako har daɓe. Babu ƙafar kowa a gefen teburin.

Sai na ji ana tsiyaya ruwa. A wajenmu, mai zuba mate ba ya dainawa sai ka ce masa na gode, ni kuwa zagi na yi. Hannun ya sake saukowa, jiƙe sharkaf, ƙoƙon cike fal.