Jar Mota Mai Kujera Biyu

Mutanen Talatar Mafara sun ce Labaran direban katafila bai iya cewa a'a ba. Masu shayi na bakin tasha sun ce ko rigar jikinsa ka roƙa zai tuɓe maka, ya kuma ba ka haƙuri don ta yi datti. Abu ɗaya ne, in ji su, ba a taɓa samun hanyar roƙonsa ba: jar motar nan mai gudu da ya saya hannun wani Bature injiniyan madatsar Bakolori. Kujera biyu gare ta. Ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa Taiba.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan ɗauke ta su bi hanyar Bakura, iska na fizgar mayafinta, tana faɗin, "Maigida, a hankali!" shi kuwa yana dariya. Shekara uku da aure Allah bai kawo haihuwa ba, amma in suna cikin motar nan Taiba takan manta da shirun gidansu.

Ita ce kuma ta tayar da maganar saida motar.

"Motar nan shan mai take kamar raƙumi. Ɗantani dillali ya ce a-kori-kura mai gas, rabin kuɗin man ya ishe ka."

"Ɗantani tasa yake son saidawa."

"Ko Inno ta ce motar samari ce. Mahaifiyarka fa!"

Ya daɗe yana dubanta. "Ke... kin gaji da ita?"

"Ni na gaji da gidan haya! Mu tara, mu gina namu."

Ranar kasuwa ya fita da ja, ya dawo da fara mai tari da hayaƙi, har da ciko ya yi.

Watan farko kam gas ya yi arha. Taiba ta riƙa jefa rarar cikin wata kwalla mai murfi, tana jin daɗi. Sai damina ta kama, ruwa ya fara taruwa bayan madatsa, aka ce mutanen yankin Maradun su tashi. Dangin Labaran kuwa duk can suke.

Bappa Gidaɗo, ƙanen mahaifinsa, shi ya fara sallama.

"Ɗana, an ce Allah ya ba ka mota mai baya."

Daga ranar motar ba ta sake hutawa ba. Damman gero, azara, ƙyamaren ɗaki, awaki, tsofaffi. Wa zai karɓi kuɗin mai hannun wanda ruwa ya ci gonarsa? Da famfon gas ya lalace, bakanizon Mafara suka ce su fetur suka sani, sai da aka ja ta zuwa Gusau. Kwalla ta koma wofi. Juma'a bakwai Taiba tana ado tana cirewa.

A ta takwas ya shigo da ƙura har gira, ya sha ruwa a tsaye.

"Yau ma?"

"Saura sawu ɗaya, Taiba..."

"Kullum saura ɗaya! Kowa na da rabo a cikinka ban da ni. Ni ma ka ɗora ni a baya da buhunan, ko na samu ganinka!"

Ya ajiye moɗar a hankali. "To, taho mu tahi."

Don fushi ta shiga. Suka nufi ƙauyen danginsa.

Ruwa ya riga ya kai gindin tsamiyar ƙauyen. An kware rufin rumbuna, ɗakuna sun yi tsaye babu ƙofofi. Wata tsohuwa, Saude, tana zaune bisa turminta, ta ce ba ta barin inda aka bizne mijinta. Labaran ya tsuguna gabanta yana lallashi, har ta miƙo masa hannu. Da ya zo ɗaga turmin Taiba ta ga sai da ya yunƙura sau biyu. Tun asuba yake kan katafila.

"Ka huta mana," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ni na tura ƙasar da ta tare ruwan ga, Taiba. Albashinta muke ci. Ina zan huta?"

Ta bar wa tsohuwar kujerar gaba, ta hau baya kan damman gero da sabon leshinta.

A hanyar sabon matsuguni sai ga jar motar ta taho da gudu, wani matashi a ciki, ta wuce su kamar walƙiya. Ta gilashin baya Taiba ta ga kan Labaran ya bi ta, ɗan kaɗan, sannan ya dawo kan hanya. Wata uku ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa ce mata ke kika sa ba.

Da aka gama sauke kaya ya zauna a bakin bayan motar, ya runtse ido. Ta zo ta zauna gefensa, kafaɗarta na taɓa tasa.

"Maigida... an yi tattalin kuwa?"

Ya yi murmushin gajiya. "Gas ɗin dai ya fi arha."

"Gidan fa?"

"Ga waɗanda suka rasa nasu. Namu zai jira."

Hawaye suka zubo mata. Ta kama hannun nan mai baƙin mai ta riƙe da nata biyu, ba ta damu da masu kallo ba.

"Wuri ɗaya gare ka da duniya ba ta iya shiga, ni na sa ka saida shi. Na kuma dawo ina yi maka faɗa don an cika ka." Ta ƙara matse hannun. "Ban kyauta ba, abin ƙaunata. Don Allah ka yafe mini."