Babu Amaurys a Ƙungiyar Pelikanos

Sufeto Eladio Peguero yana tsakiyar cin shinkafa da wake a ofis aka bugo waya daga filin wasan Pelikanos, aka ce an yi sata, an kuma ji wa mutum rauni. Ya ture kwanon ba don ya ƙoshi ba. A garin nan namu, in aka ce wani abu ya taɓa filin besbol, wasan nan na jifan ƙwallo a buge ta da sanda, har alƙali sai ya ɗage shari'a.

Saje Nurys ce ta tuƙa motar. Ita ba ruwanta da ƙwallo, shi ya sa Sufeto yake son aiki da ita, don shi kansa ya san ba shi da hankali a kan Pelikanos.

Tun farkon kakar bana wasu 'yan talabijin suke bin ƙungiyar da kyamarori, a cikin bas, a ɗakin sauya kaya, har wurin cin abinci, suna nuna kashi ɗaya kowace Lahadi. Gari ya san wanda ke minshari da wanda ke kuka in an ci su. Amma kowa Dariel Mojica yake jira ya gani, mai jifan ƙwallon nan ɗan shekara sha tara, wanda wata ƙungiyar Amurka za ta ɗauka ranar Litinin.

Shugabar shirin, Miguelina Tavárez, ta tare su a ƙofar ɗakin ajiyar kaya da ke bayan bencin 'yan wasa.

"Don Bienvenido ne, mai ɗaukar mana hoto," in ji ta. "Ya zo ɗaukar batir, wani ya banko ƙofa daga ciki, ya gangara kan matakala. Hannunsa ya karye, kansa ya fashe. Yana asibiti."

"Ya ga fuskar mutumin?"

"Bai ga komai ba, Yallaɓai."

"Me aka ɗauka?"

"Memori ɗaya, ɗan katin da hoto ke taruwa a kai, daga cikin babbar kyamara."

Sufeto ya leƙa ɗakin. Kyamarori uku suna zaune lafiya lau, kowace ta fi motarsa tsada.

"Ɓarawon nan ɗan halak ne," in ji Nurys. "Ya bar saniya ya ɗauki igiya."

Suka fito bakin fili. An shayar da jar ƙasar, an baje ta, an ja sababbin fararen layuka saboda wasan yamma. Sawun mutum ɗaya ne kawai a kai, na takalmi mai ƙusoshi, ya yanka da gudu daga matakalar zuwa ɗaya ɓangaren. Sufeto ya bi sawun, ya tsaya a inda ya isa farin layi. Akwai ƙafa ɗaya kafin layin, akwai wata can bayansa, layin kuwa ko ƙwarzane babu.

"Mutum ya karya tsoho, yana gudun tsira, amma ya tsaya tsallake layi?" in ji Nurys.

"Bai tsaya ba. Ƙafarsa ce ta tsallake da kanta. Babu ɗan wasan da ke taka layin nan, cewa suke yana kawo rashin sa'a. 'Yan talabijin kuwa kullum sai sun taka an zage su."

"Ke nan ɗan gida ne."

Sufeto ya juya ya nufi ciki. Ya so a ce wani ɓarawon kasuwa ne.

Koci Don Fello yana ɗakin cin abinci, ya baje tumbinsa, yana sakace. Shi da Sufeto tare suka yi makaranta.

"Kompadre, aminina! Ka zo kama wa? In ɗan tsaronmu na hagu ne, tafi da shi, kullum ƙwallo na wuce shi."

'Yan wasan suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

"Ina yaranka suke lokacin da abin ya faru?"

"Nan. Dukansu. Na rantse da kabarin uwata."

"Uwarka tana raye, Fello. Shekaranjiya na gan ta a coci."

"To, da wanda za a haƙa mata."

Nurys ta zagaya teburin. A ƙarshensa akwai faranti ɗaya da aka rufe da wani. Ta buɗe, gasasshen kifi ne da dafaffiyar ayaba, ya huce, ko cokali ba a sa masa ba.

"Na wane ne?"

Kowa a garin ya san amsar, don an nuna a kashi na uku: Dariel kaɗai ake gasa wa kifi, likitan Amurkawan ne ya hana shi maiƙo.

Dariel yana zaune a kusurwa, dogo, ya sa tawul a wuya. "Cikina ne ya ɓaci, Yallaɓai. Ina banɗaki."

"Amma kocinka ya ce kana nan."

"Banɗakin ai a nan yake," in ji Don Fello da sauri. "Kompadre, yaron nan jiya ya yi jifa daga farkon wasa har ƙarshe, babu wanda ya iya bugun ƙwallonsa. Litinin zai sa hannu. Me zai yi da wani ɗan abu kamar farce?"

Sufeto ya dubi ƙafar Dariel. Silifas ne. Sauran duk suna sanye da takalman wasa.

Ya koma wurin Miguelina. "Me ke cikin memorin?"

"Murnar da aka yi jiya bayan wasa. Ban ma kalla ba tukuna. Don Bienvenido ne ya shiga cikin taron da kyamara." Ta nuna wata ƙaramar na'ura. "Amma in magana kake so, tana nan. Ba a kyamara muke ɗaukar sauti ba, na'urarsa daban ce. 'Yan wasa ba su san haka ba, su dai kyamara suke gani."

Ta miƙa masa abin sauraro, ya sa a kunne. Ganguna, ƙaho, ihu, ana ta kiran Dariel. Can sai wata muryar mace ta ratso, tana haki, tana dariya da kuka a haɗe.

"Amaurys! Amaurys ɗana! Zo in riƙe ka!"

Aka ji kamar kokawa, wani abu ya faɗi. Sai muryar da duk garin ya sani, ta Dariel.

"Ku fitar da ita! Wa ya bar ta ta shigo? Ban san ta ba, mahaukaciya ce!"

Sufeto ya cire abin daga kunnensa. Jiya yana cikin 'yan kallo, yana tsalle kamar yaro, muryarsa har ta dushe. Wataƙila ihunsa ma yana cikin abin da ya ji yanzu. Kunya ta kama shi, har ya kasa haɗa ido da Miguelina.

"Akwai Amaurys a ƙungiyar?" Nurys ta tambaya, bayan ita ma ta saurara.

"Babu," in ji Miguelina.

"Na san muryar matar," in ji Sufeto. "Kullum a wurinta nake sayen soyayyen ƙullun nan, yanikeke."

Doña Tatica tana bakin ƙofar filin, a gaban kaskonta, tana jefa faifan ƙullu cikin mai. Ƙaramar mace ce, ta ɗaure gwiwar hannu da tsumma. Kakar wasa biyu ke nan tana suya a wurin, tun da ta baro unguwar masu yankan rake.

"Sufeto, guda nawa yau?"

"Ba saye na zo ba, Doña. Me ya sami hannunki?"

"Faɗuwa na yi. Tsufa."

"Wane ne Amaurys?"

Matsamin da ke hannunta ya tsaya. "Ban san shi ba."

"Jiya kin kira shi a tsakiyar fili."

"Ruɗewa na yi. Na ga yaron mutane na zaci wani ne. Ai shi ma ya faɗa, mahaukaciya ce ni."

Sufeto bai buƙaci a yi masa bayani ba, babu wanda ya girma a nan da zai buƙata. Masu neman 'yan wasa daga waje ba sa kallon wanda ya haura ashirin, komai ƙarfin hannunsa. Sai a je wa maƙwabta masu ƙaramin yaro, a aro takardar haihuwarsa, a aro sunansa, a aro har uwarsa. Muna tafa musu a fili, mu koma gida mu ce yaron nan gemunsa ya yi saurin fitowa, mu yi dariya. Ba mu taɓa tambayar ina ake kai uwar ta gaskiya ba.

"Shekara nawa rabon da ki kira shi da sunansa?"

Ta juya yanikeke ɗaya, ya riga ya ƙone. "Yana wucewa ta nan kowace rana. Ina ganinsa, ya isa."

"Doña, an sace memorin da aka ɗauki abin da ya faru jiya. An karya wa wani tsoho hannu."

Ta ajiye matsamin, ta goge hannu da zanenta, ta miƙo masa su biyu.

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na sata. Na shiga, na ɗauka, na ture tsohon. Na jefa abin a cikin mai ya narke."

"Wane kala ne?"

"Kalar abin da aka sata."

"Da takalmi mai ƙusoshi kika shiga?"

"Na ce maka ni ce. Kai ba ɗan sanda ba ne? Kama ni."

Sufeto ya daɗe yana kallonta. Ba shi da shaidar da za ta tsaya a kotu: sawu, farantin kifi, da murya. Don Fello zai kawo mutum ashirin su rantse, takalmin kuma tuni an wanke shi. Hanya ɗaya ta rage, kuma ya san ba mai kyau ba ce.

"Saje, sa mata ankwa."

Nurys ta matso kusa da kunnensa. "Yallaɓai, ka san ba ita ba ce."

"Na sani."

"Wannan ba aiki ba ne, wulaƙanci ne."

"Shi ma na sani. Sa mata."

Ba su bi ta wurin mota ba. Sufeto ya shigar da ita ta ƙofar 'yan wasa, ya ratsa da ita ɗakin sauya kaya, inda ake shirin wasan yamma, rediyo na tashi, ana zolayar juna. Wani ya kashe rediyon. Miguelina tana tsaye da ɗaya mai ɗaukar hoton, ta sa tafin hannu ta rufe gaban kyamarar.

"Mun sami ɓarawon," in ji Sufeto da ƙarfi. "Ta amsa laifinta. Sata da jikkata mutum, a shekarunta ban san ko za ta fito da ƙafarta ba. Akwai wanda ya san danginta, a sanar da su?"

Don Fello ya kafa wa ƙasa ido. Dariel yana kan benci yana ɗaure igiyar takalmi, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

"Ba ni da kowa," in ji Doña Tatica. Ba ta dubi ɓangaren bencin ba. "Ban san kowa a nan ba. Mu tafi."

Suka yi taku zuwa ƙofa. Sufeto ya rage sauri. In yaron bai tashi ba, bai san da wace fuska zai cire ankwar nan ba.

Dariel ya miƙe. "Ku sake ta."

"Zauna, yaro!" in ji Don Fello. "Litinin fa!"

"Na ce ku sake ta. Uwata ce."

"Ƙarya yake!" Doña Tatica ta ɗaga murya. "Ban taɓa haihuwa ba!"

Dariel ya ɗauko safar kama ƙwallonsa, ya zura yatsa ciki, ya zaro memorin, ya ajiye a tafin Sufeto.

"Sunana Amaurys. Shekarata ashirin da uku. Ni na shiga ɗakin, ni na banko ƙofar. Ban san Don Bienvenido yana bayanta ba, amma na gan shi a ƙasa, ban tsaya ba."

"Don kada a gano shekarunka?"

"Koci ya riga ya ce wannan ba komai, za a ce mahaukaciya ce a wuce wurin." Ya dubi ankwar da ke hannunta. "Kowace Lahadi tana zuwa shagon mai talabijin ta kalle ni, ita da 'yan unguwa. Za ta zauna a cikinsu ta ga yadda na hankaɗe ta. Sau ɗaya ya isa, Yallaɓai. Ba na so ta gani sau biyu."

Nurys ta cire ankwar daga hannun tsohuwar tun kafin a ba ta umarni, ta sa wa yaron, ta kuma ƙi kallon Sufeto.

Da suka fito, 'yan kallo sun fara taruwa. Wasu suka hango shi suka fara kiran Dariel, sai suka ga hannunsa, kiran ya mutu. Aka sa shi a bayan mota.

Doña Tatica ta biyo su da sauri. Ta tsaya wurin kaskonta, ta tsinci yanikeke biyu da ba su ƙone ba, ta naɗe a takarda, ta miƙa ta taga ta ɗora masa a cinya. Sannan ta zagayo wurin Sufeto, ta rage murya kamar mai neman alfarma a ofis.

"Yallaɓai, tunda abin ya riga ya lalace, yanzu an yarda in kira shi?"

Sufeto ya dubi gaban motar, ya dubi takalminsa.

"Kira shi, Doña."

Ta sunkuya a tagar. "Amaurys."

"Na'am, Mama."

Nurys ta tayar da mota.